Baƙuwar Sama da Koriyar Rigar Baba Isa

"...Gajiya ta bi lafiya. Amma ke ba gaisuwa ta kawo ki ba, tun ɗazu hankalinki na kan akwatina."

Baba Isa ne, a kan tabarmarsa a zauren gidansu na unguwar Djamboutou a Garwa. Jikarsa Sadiƙa na durƙushe gabansa. Jibi za su yi wasan kwaikwayo a makaranta, ita ce baƙuwar da ta sauko daga wata duniya. Malaminsu Étienne kuwa ya ce in ba ta kawo kayan wasa gobe ba, wata za a ba.

"Koriyar rigarka nake so, tsoho. Kyankyasai ma sun gaji da ita."

"Ku nawa za ku sauko daga duniyar?"

"Ni kaɗai. Ni ce duk jinsinsu."

"Duniya guda, da limamanta da mahautanta, a rasa wanda za a aiko sai mai ƙona tuwo? Ai sai Garwa ta ɗauka duk haka suke, gajeru masu baki."

"Da kai aka aiko, da an ce a can da sanda ake haihuwarsu."

"Yarinya, mutum ɗaya ba ya zama jama'a. Ubana Hamadu..."

"Na sani. Shi ne Bahaushe na farko a ƙauyen masuntan nan na bakin kogin Binuwai, shekara ashirin bai taɓa taka kwalekwale ba."

"To kin gani. Tsoron mutum ɗaya, aka shafa mana duka. Har yau in na je can Lagdo ɗin sayen bandar kifi, jikokinsu kan ce, a matsa wa Bahaushe kada ruwa ya taɓa shi."

Sadiƙa ta ga rigar na neman kuɓuce mata. Ta gyara zama.

"Ashe ka sani. To wa ya miƙe ranar auren Hanan ɗinmu ya ce, mu Hausawan Garwa nama bai dame mu ba? Aka kwashe tsire duka aka kai wa baƙi. Haƙoranka uku suka wakilci dangi, muka kwana da kunu."

"Likita ne ya hana ni."

"Mu ma likitan ya duba?"

 Dariya ta ƙwace wa tsohon har hularsa ta karkace. Ya laluba aljihu ya jefo mata mabuɗi.

"Ɗauki. Amma da sharaɗi. In kin hau dandamali, ki faɗa wa mutane cewa a garinku kowa da halinsa, rashin kunyar taki ce ke kaɗai."

"Zan faɗa. Zan kuma ce mu biyu aka aiko."

"Ina ɗayan?"

"Kakana ne. Da ya ga jirgin da zai kawo mu, sai ya tambaya ko akwai ruwa a hanya."

Ya rarumo sanda, amma tuni ta shige ciki da mabuɗin.