Kwana Uku Ina Jiran Tayi Na Biyu

Ba zan manta da safiyar da na yanke jiki na faɗi a gaban dukan lakwal ba, wato makarantarmu, kuma tun da an ƙi barin zancen ya mutu, gara in faɗe shi daidai. A Magariya, garinmu, cewa aka yi teku na gani hankalina ya gushe. A Dungas, wajen dangin Inna, an ce iskokin garin ne ba su karɓe ni ba. Wata maƙwabciyarmu har rantsuwa ta yi wai turaren Nasara ne ya hau mini ka. (Ban san wanda ya kai labarin gida ba, amma ya riga wasiƙata isa.) Duk ba haka ba ne. Yunwa ce ta kayar da ni, kuma babu wanda ya hana ni abinci. Ni na hana kaina, da bakina.

Na gama lakwal a Damagaram, inda na zauna a gidan kawuna, na ci jarrabawa, sai gwamnatin Faransa ta ce za ta tura ni Senegal, makarantar horar da malamai mata da ke bakin teku, wadda ake tara ƴan mata daga ƙasashe dabam-dabam. Baba, wanda magatakarda ne a wajen awon gyaɗa, shi kaɗai ya tsaya a kan sai na tafi. Yayyensa suka ce ƴa mace iyakarta Kano, ita ma da rakiya, kuma ya sa ido, ba zan yi wata guda ba za a dawo masa da ni. Ya ce ya ji. Ya je ya sayo mini adaka.

Ana gobe tafiya Gwaggo Tabawa ta taso daga Dungas a kan jaki, takanas don ta yi mini huɗuba. Ta zaunar da ni ta ce, "Ke na san ki, bakinki ya fi ƙafarki sauri, hannunki kuma ya fi bakinki. Can inda za ki ba sunanki za a kira ba, sunan gidanmu za a kira. In an miƙo miki abinci kada ki zabura kamar ba a girki a gidanku. Ki ce kin ƙoshi. In an sake, ki ce alhamdu lillahi. Sai a na uku ki sa hannu, shi ma da yatsu uku."

Ba wani sabon abu ta faɗa ba. Haka ake yi a wajenmu: baƙo ya ce ya ƙoshi, mai gida ya ce haba, baƙo ya noƙe, mai gida ya turo kwano yana haɗa shi da Allah, sannan a ci. Kowa ya san nasa aikin. Abin mamakin kawai shi ne, tun da nake ban taɓa bin maganar Gwaggo ba. Har yau ban san abin da ya sa na zaɓi wannan ɗaya na riƙe ba.

Kamyo, wato babbar mota, ya kai mu Yamai, wani ya kai mu Bamako, daga nan jirgin ƙasa. Kafin in isa guzurina ya ƙare sai ɗan ƙuli-ƙuli da aya a ƙasan adaka, adakar kuma da shigata aka karɓe ta aka kulle a ɗakin ajiya, aka ba ni riguna irin na kowa da lamba. Ranar Laraba ce, dab da abincin rana.

A ɗakin cin abinci kowane tebur yana da babbar ɗaliba guda da ke riƙe da ludayi, ana ce mata uwar tebur. Tamu sunanta Selestin, ƴar Dahomai, doguwa, mai saurin hannu, ba ta da mugunta ko kaɗan (wannan sai daga baya na yarda). Ƙararrawa ɗaya a zauna, ta biyu a kwashe kwanuka, ko kin gama ko ba ki gama ba. Aka kawo shinkafa da kifi, mai yana ƙyalli a kai, ƙanshin har cikin idona. Selestin ta zo kaina ta ce da Faransanci, "Za ki ci?"

Na sunkuyar da kai yadda ya kamata na ce, "Na gode, na ƙoshi." Na ɗan tura kwanona gaba don in sauƙaƙa mata aiki.

Ta ce, "To." Ta wuce.

Na zauna ina jiran haba. Ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne Selestin ta raba rabona wa sauran, suka cinye a gabana, wata ma ta yi mini godiya. Na ce a raina watakila ta sha'afa ne, da yamma za ta gyara. Da yamma ta tambaya sau ɗaya, na amsa sau ɗaya, ta wuce. Da safiyar Alhamis aka zagayo da burodi da kafe, haka dai. Nan ne wata ƴar Gine da ke kusa da ni ta taɓa hannuna ta ce ko ba ni da lafiya. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma yunwa da haushi sun haɗu, sai na ji bakina yana cewa, da ƙarfi yadda tebur uku suka ji, "Mu a garinmu ba ma wawuson abinci kamar kaji. Kuma abincin naku bai yi mini ba."

Daga nan ko tayin farkon ma aka daina. Selestin in ta zo kan kwanona sai ta tsallake shi cikin ladabi, kamar mai tsallake wanda ke salla.

Za ku ce me ya hana ni miƙa kwano kawai. Ni ma na tambayi kaina. Ranar farko kunya ce. Bayan maganar kaji kuwa, ta ina zan fara? Na riƙa cika cikina da ruwan famfo. Ranar Juma'a na tsinci ƴaƴan wata bishiya da ban san sunanta ba a bayan ɗakin wanki, na ci biyu, suka ɗaure mini baki har la'asar. A aji kuwa ina amsa tambayoyi kafin a gama yinsu, don kada a ji ƙugin cikina.

Asabar da safe aka jera mu sababbi a tsakar makaranta, lokotoro, wato likita, zai duba mu, manya kuma suna tsaye a inuwa suna kallo. Dokar a fili take: wadda aka samu da ciwo, gida. Tun ranar Alhamis mun ga wata mai tari zaune a kan adakarta a bakin ƙofa tana jiran mota. Ina cikin layi, rana ta ɗan ɗaga, na ga bayan wadda ke gabana ya koma biyu, sannan ya koma baƙi.

Na farka a ɗakin marasa lafiya. Lokotoro ya duba ido, ya duba harshe, ya saurari ƙirji, ya yi mini wata tambaya game da al'adar wata, wadda ko Inna ba ta taɓa yi mini ba, ya ce shi bai ga komai ba. Madam shugabar makaranta, wata Bafaranshiya mai magana a hankali kamar tana ƙirga kalmomin, ta sa aka kira Selestin. Selestin ta faɗi gaskiya: tun da na zo ban sa komai a baki ba.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa lokotoro kusan kowace shekara ana samun guda, begen gida ne, ba ta ci ba ta sha har sai an mayar da ita, kuma gara da wuri. Ta jawo takarda ta fara rubuta wa kumandan, Nasaran da ke mulkin Magariya, har tana tambayata yadda ake rubuta sunan garin. Ina kwance ina ba ta baƙi ɗaya-ɗaya, ina ganin Baba an kira shi ofishin kumandan an karanta masa, ina ganin yayyensa a zaure ba su ma ce komai ba. Ko sati ban yi ba. Su wata guda suka ba ni.

Madam ta ce a kira ƴar ƙasarmu da ke ajin ƙarshe ta zo ta lallashe ni kafin tafiya. Ashe akwai wata, Hajo, ƴar Maraɗi, ta yi kwanaki a wata lakwal ta cikin gari tana gwajin koyarwa, ranar ta dawo. Ta shigo ta tsaya a kaina, ta yi mini Hausar farko da na ji tun Yamai.

"Ke ce ƴar Magariyar? Me ke miki ciwo?"

"Ba komai."

"Gida kike so?"

"Allah ya kiyaye."

Ta dube ni, ta dubi Selestin, ta sake dubana. "Sau nawa ake miki tayi?"

Na kau da kai.

"Ƙanwata, tambayarki nake."

"Sau ɗaya."

Ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suna rawa. Na kama bakin rigarta na ce, "Yaya, don girman Allah ki ce musu zazzaɓi ne."

"Zazzaɓin ai shi zai mayar da ke gida, sakarya. Faɗa musu za ki yi da bakinki, wannan bakin da aka ce ya kira mu kaji."

Madam ta tsayar da alƙalami tana jira. Taga ta cika da kawunan ɗalibai. Na tashi zaune, na tattaro Faransancina mafi kyau, wanda na zo na ɗaya da shi a Damagaram, na ce, "Madam, ba ni da ciwo. Yunwa nake ji. Ba a sake tambayata ba ne."

Selestin ta dafe ƙirji. "Ke fa kika ce kin ƙoshi!"

"Na ce na ƙoshi, amma ai ban ce ki tafi ba."

Madam ta cire tabarau ta ce, "Sau nawa ya kamata a tambaye ki?"

Na ce, "Uku."

Lokotoro ne ya fara dariya, sannan taga ta ɗauka, daga taga ta bazu har tsakar makaranta, ina jin ana maimaita wa na baya. Madam ita ba ta yi dariya ba. Ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta ce bayan sati biyu za a ɗora ni a kan sikeli, in na ragu wasiƙar za ta tafi, ni ma in bi ta. Aka kawo mini shinkafa da kifin jiya da aka ɗumama. Ba da yatsu uku na ci ba. Kifin nan da na ce bai yi mini ba, har ƙayarsa na tsotse, Hajo tana zaune tana cewa in yi a hankali kada a ce ƴan Nijar kaji ne.

Da rana na shiga ɗakin cin abinci na zauna. Selestin ta zo da ludayi, ta ɗan rusuna ta ce, "Madmazel za ta ci?" Kafin ta rufe baki na miƙa kwano. Ta ja ludayin baya ta ce, "A'a, saura biyu." Dukan ɗakin ya ce, "Ɗaya!" Haka na zauna da kwano a sama har aka ƙirga uku. An yi mini wannan kusan wata biyu, kuma sunan Madmazel Sau Uku ya bi ni har cikin aji, har wata malama ta taɓa kirana da shi ba da gangan ba. Ranar sikeli kuwa na ƙaru, madam ta ciro takardar ta yage ba tare da ta dube ni ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunyar baƙo aiki ne na mutum biyu, in mai gidan bai san nasa rabon ba, ke kaɗai za ki yi ta yi har ki faɗi a layi. Ban ce a daina ba, na dai ce a fara duba wa ke riƙe da ludayin.

Ranar da aka yage takardar na bi madam har ofis na ce ina da roƙo. In na kai ajin ƙarshe, a ba ni teburin sababbi. Ta ce me ya sa. Na ce don ba ni da haƙurin tambayar kowa sau uku, kuma na ga abin da sau ɗaya ke yi. Ni ba zan tambaya ba sam, zubawa zan yi. Wadda kuma ta sunkuyar da kai ta ce mini ta ƙoshi, in ƙara mata ludayi guda in wuce.