Turaren Baba a Ɗakin Jarrabawa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da turare ya kusa hana ni takardar firamare, ina da shekara arba'in da bakwai.

Turaren na Baba ne, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota tsakanin Ngawundere da Garwa. Kwalba ce mai kauri, ruwan ciki kamar shayin da ya kwana a buta. Irin na mazan da ne: ƙamshin sabuwar fata da taba da jiƙaƙƙen itace. Wasu na jin sa su tsaya cak, wasu kansu ya sara.

Ranar jarrabawa, ni da masuntan kogin Binuwai ke shakkar bakina, sai ga ni ina jin tsoro. Na ce bari in ari zuciyar Baba. Na shafa turaren yadda muke shafa humra: wuya, hammata, mayafi, har bakin zani. (Ban taɓa ganin lokacin da Baba yake sawa ba. Ƙamshin kawai na sani.)

Ɗakin rufin kwano ne, zafin kuma na Garwa. Kafin a raba takardu yaran kusa da ni sun fara atishawa. Madam mai tsaronmu, ga ciki ya tsufa, ta fita da gudu, muna jin ta tana amai a bayan taga. Ta dawo ta ce in je gida in yi wanka. Idan na fita an rufe ƙofa, sai baɗi. Na ce mata shekara arba'in na yi ina jiran bencin nan, sai dai a ɗauke mu tare.

Aka kira direktan makarantar, wani dattijo Kirista, mutumin duwatsun Mayo-Oulo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya lumshe ido, ya shaƙi iskar ɗakin. Sannan ya ce rabonsa da ƙamshin nan tun yana yaro. Mahaifinsa sau ɗaya yake sawa a shekara, ranar Kirsimeti, da tsinken ashana, a bayan kunne.

"Hajiya, ke tsinke nawa kika sa?"

Na nuna masa tafin hannuna biyu. Ya riƙe baki. Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Bai kore ni ba. Ya sa aka fitar da bencina gindin darbejiya, ya karanta mini dikte, wato shifta, da kansa. Na lura inda iska ke kai ƙamshin nan ya tsaya, sau biyu yana ɓata layi yana ba ni haƙuri.

Na ci jarrabawar. Amma da na dawo gida na ɗaga kwalbar a rana, saura ɗan kaɗan a gindi. Abin da zai kai mutum Sallah goma na ƙarar a safiya ɗaya. Yanzu idan ina tsoron wani abu, addu'a nake yi, ita ba ta sa mai ciki amai.