Ranar da Na Duba Takin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Maska gaida mahaifin Hadiza ba. Ni tela ne a Funtuwa, iyakar sanina keke da almakashi. To amma an tsegunta mini cewa Alhaji ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san ƙasa ba. Sai na aika ta bakin Hadiza cewa ai ni noma gadonsa na yi. (Ko barkono ban taɓa shukawa a gwangwani ba.)

Na sha farin yadi ɗinkin hannuna, na hau babur. Muna gama gaisawa ya ce, "Tunda kai ma na gona ne, taso ka ga takina."

Ashe Alhaji bai cika sayen takin zamani ba. Motocin da ke kwashe masai a gari ne suke juye masa kaya a wani faffaɗan rami a ƙarshen gona, a rufe da buntun shinkafa da toka. In ya bushe a kwashe, a haɗa da kara da kashin shanu, a yi tsibi ana juyawa har damina ta kawo kai. Duk wannan sai daga baya na sani.

Ya kai ni gaban tsohon tsibi, ya ɗebo ya murza. Baƙi wuluk, ba wari ko kaɗan. "Wannan ya nuna," in ji shi. Ni ma na ɗebo, na shinshina, na gyaɗa kai.

"Ya yi, Baba, sai dai yana son ƙarin toka."

Ya dube ni ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ce ta kumbura mini kai.

Can gefe na hango wani fili shimfiɗe da buntu, sumul gwanin sha'awa. Na ce bari in duba masa wancan ma. Na ji lokacin da ya ce, "Dakata," amma na ɗauka kara ce irin ta manya. Ban yi nisa ba ɓawon saman ya fashe. Na nutse har cinya, a hankali, kamar cokali a kunu. (Ashe ramin ne, kuma a cikin makon aka juye kaya a cikinsa.) Ban yi ihu ba. Hulata kawai na cire na ɗaga sama, har yau ban san dalili ba.

Alhaji ya miƙo gora ya jawo ni, takalmina ɗaya ya zauna a can. Ya kalli ramin, ya kalle ni.

"Wannan bai nuna ba tukuna."

A bakin rijiya na ƙarar da sabulu guda, na yi La'asar cikin tsohuwar rigarsa. Na koma gida na cire rai da Hadiza, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Bayan 'yan kwanaki ya aika a kira baffana. "Yaronku bai san noma ba," in ji shi, "tun daga riƙon takin na gane. Amma duk masu zuwa neman Hadiza daga bakin gona suke toshe hanci. Shi kuwa har ciki ya shiga. Ku turo."

Yanzu 'ya'yanmu masarar wannan gonar suke ci, kuma kowa a Maska Malamin Gona yake kirana. Na dai koyi cewa in babba ya ce ka dakata, ba kara yake maka ba. Kuma duk wanda ya tambaye ni sana'ata, kafin ya rufe baki na ce masa tela.