Yabon da Na Yi wa Faisal

Ni dai a unguwarmu ta Shisha, nan ƙasa mai tsarki, kowa ya san ban taɓa biyan kuɗin da aka fara faɗa mini ba. To, da ɗana ya shigo yana ƙorafi wai ta'amin ɗin mota, inshorar nan, ya fi ƙarfinsa saboda jikana Faisal sabon koyo ne, sai na ce, "Ku ajiye wayoyin nan. Ciniki baki yake so."

Na zura abayata ta fita kunya, na tasa Faisal a gaba har ofishin masu inshorar a Aziziyya.

Ma'aikacin ya ce, "Ya Hajja, sabon direba ne, dole kuɗin ya hau."

Na ce, "Sabo? Yaron da tun bai kai sitiyari ba yake sace makullin ubansa! Ko lokacin Hajji tsakanin bas-bas yake kutsawa. Sau biyu kacal ya taɓa bugun wani abu, ɗayan ma katanga ce, ita ta tare hanya."

Faisal yana ta taka mini ƙafa, "Sitti, khalas! Kaka, ya isa haka!" Na ture shi. Mutumin kuwa sai "Masha Allah" yake yi yana danna na'ura, ni na ɗauka ragi yake rubutawa.

Da ya juyo da na'urar, ban iya karatu ba, amma na ga fuskar Faisal. Kuɗin ya kusa ninkawa.

Motar tana nan lulluɓe da tamfol, Faisal tasi yake hawa. Yanzu ko miya na ce ta yi daɗi, sai surukata ta ce, "Rufa mana asiri, Hajja, kada ki yaba. Ba mu da kuɗin ta'amin."