Zomaye Biyu Maimakon Taki

"...da zaman jira kuma, tsohuwa mai ran ƙarfe?"

"Bar gaisuwar nan. Ina takin?"

Kaka na zaune a gindin rumbu, tana duban masarar bayan gida da ganyenta ya fara rawaya. Tun da safe ta aiki jikanta ofishin gona ya karɓo mata takin tallafi. Sai ga shi da kwali mai huji-huji, ya ajiye a gabanta cikin ladabi. Kwalin ya motsa.

"Kai mijin banza, takin naka numfashi yake yi?"

"Bana gwamnati ta wuce maganar taki, kiwon zomo ake yayi. Wani mai kwat ya yi jawabi, ya ce manoma kun warke."

"Ya ga masarata?"

"Ya nuna mana wata a hoto. Koriya shar."

"Ni na aike ka abin da masara za ta ci, ka kwaso mini masu cin masara!"

"Rashin hangen nesanki ne zai sa in sake ki. Ki ba su ganye, su ba ki taki. Kamfani sukutum na kawo miki."

"Kafin su cika mini cokali, gonar ta zama karan dafa ruwa. Kuma wa zai kwashe ka in ka sake ni, da wannan wuyan kamar muciya?"

"Za su hayayyafa fa. An ce kafin girbi ba wurin sa ƙafa a gidan nan."

Kaka ta buɗe kwalin, ga zomaye biyu. Ta kama kunnuwan na farko, ta juya shi, ta duba. Ta yi wa na biyu haka. Ta ɗago kai ta dubi jikan.

"Duka maza ne."

"To, wataƙila matan sai a kasafin baɗi."

Ana cikin haka ɗaya ya zille, ya faɗa cikin masara, ya kama cin ganye ba ko sallama. Shirin raya karkara ya kankama.

"Ka kamo ma'aikacin gwamnatinka, ko in kama ka da wannan sandar!"

Jikan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Na sallama, amarya. Rabin buhun takin da na ɓoye wa gonata, yanzu zan ɗauko miki."

"Wanda ke ƙarƙashin gadonka? Tun da hantsi na zuba rabinsa. Ɗauko sauran, na fasa kai ƙararka."