Tsirkiyar da ke Cikin Zuciyata

Ko zan manta da komai, ba zan manta da shekarar da na yi wa mutanen Jalingo bankwana ba, alhali ko zazzaɓi ba na yi.

Zamanin Turawa ne, ina neman aikin ɗan doka don in samu abin auren Dija, 'yar masu shanu ta bayan kasuwa. Likita ya zo rangadi yana duba masu neman aiki. Ya ɗora mini abin saurarensa a ƙirji, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce zuciyata tana wani amo, in dawo bayan damina.

Ni kuwa (da ma akwai ni da gaggawa) ban tambayi komai ba, na yanke wa kaina hukunci. Na bi gida-gida ina neman gafara, har wurin waɗanda ban taɓa ɓata wa ba. Na ba ƙanena kekena. Sannan na je wurin Dija na ce kada ta jira gawa, na yafe mata alkawarinmu. Ta yi kuka, ni ma na yi, har ina jin kaina wani jarumi.

Damina ta wuce, sai ƙiba nake. Likitan ya dawo, ya sa ni gudu, ya sake saurara. Ya ce ga alama wani siririn zare ne ya gitta ɗakin hagu na zuciyata, da shi aka haife ni, in jini ya bi ta kansa sai ya yi amo kamar tsirkiyar garaya. Da ma so yake ya tabbatar ba ciwo ba ne, kuma ya tabbatar. Aka ba ni aiki.

A lokacin an riga an sa ranar Dija da wani falke ɗan Mutum Biyu. Don rashin ta ido na je bikin cikin sabon kakina. Ina tsaka da kai loma goggonta ta leƙo zaure, ta ƙare mini kallo ta ce, "A'a, ba kai ne ka mutu ba? A ƙara wa gawa miya."

Zaure ya kaure da dariya har cikin gida. Na kasa kunne ko zan ji muryar Dija a ciki, ban ji ba, wannan kuwa ya fi ƙona ni.

Ga shi na tsufa da zarena, ƙalau. Na dai koyi cewa in likita ya ce ka dawo, ka dawo tukuna kafin ka raba kaya. Keken dai, ƙanena ya maido mini da shi. Dija kuwa, har yau in motar Mutum Biyu ta tsaya a tasha sai na leƙa.