Zuciya Uku a Ƙarƙashin Benci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida iyayen budurwata Hadiza a Dandamisa, na ƙare da iza wutar mazarƙwaila cikin farar shadda.

Lokacin ina sabon malamin lissafi a wata sakandare a Makarfi, ga ƙuruciya ga ji da kai. Tun muna kwaleji na kamu da wata jaraba a waya: a nuna maka katin karta, a ce ka lissafa guda nawa suka rage da za su iya cetonka. Na ƙware sosai, har ina ganin duk Kudan, garinmu, babu mai ƙwaƙwalwata (abin da ban taɓa yi ba shi ne riƙe karta ta gaske a hannu).

Hadiza ta gargaɗe ni tun kafin in je. Ta ce Baba ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin babban ɗansa, Yaya Sani, shi kuma Yaya Sani ya riga ya ce ɗan boko sai surutu. Don haka da aka ce mini maza suna wurin injin rake a bayan gari, na hau acaɓa da niyyar nuna masa cewa ƙanwarsa ba ta yi zaɓen banza ba.

Har yau ina jin ƙanshin wurin. Ruwan rake na tafasa a ƙaton kasko, ƙudan zuma na yawo, su Yaya Sani na gindin mangwaro suna karta kafin ya yi kauri. Ba kuɗi a wasan, Baba ya hana. Wanda aka ci shi zai tashi ya iza wuta da busasshiyar tuƙar rake. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka ja ɗaya ka yar da ɗaya, wanda ya fara haɗa kati biyar iri ɗaya ya ci.

Bayan doguwar gaisuwa aka ba ni benci, wurin baƙo. Yaya Sani ya ce, "Malam, ko za ka taɓa?" Mai hankali zai ce a'a, na gode. Ni kuwa har da naɗe hannun riga.

Sauran suka bar mana fage, muka rage ni da Yaya Sani. A hannuna akwai kati huɗu masu jar zuciya, saura ɗaya. Nan fa kaina ya fara aiki. Kati hamsin da biyu ne a karta, goma sha uku daga ciki zuciya. Huɗu na wurina, shida na gani an yar, saura uku. Yaya Sani ba ya tara zuciya, don da ya ja yake jefarwa. A tulin da ake ja kuma kati huɗu kacal suka rage. Ke nan uku daga cikinsu nawa ne. Ko na kuskure a jan farko, na biyu ba makawa.

Da na yi shiru na ja abina, da ba ku ji labarin nan ba. Amma sai na miƙe na yi musu darasi, har da zane a ƙasa da tsinke. Na ce, "Yaya, in ban ci a ja biyu ba, ni zan iza wutar nan har a sauke kaskon." Ya dubi abokansa, suka dube shi. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Malam." (Na ɗauka tsoro ne ya sa muryarsa rawa. Dariya yake dannewa.)

Na ja na farko, baƙi. Ban damu ba. Ya ja nasa. Na ja na biyu, ban ko duba ba na buga shi a kan benci da ƙarfi. Baƙi ƙirin.

Na sake duba katin. Na birkice ragowar, babu zuciya ko ɗaya. Maimakon in haƙura sai na ɗaga murya: "Lissafi ba ya ƙarya. Wallahi akwai wanda ya ɓoye kati a nan. Kowa ya zazzage aljihunsa."

"Wa zai zazzage aljihu?"

Baba ne tsaye a bayana da buta a hannu, ya zo kiran su sallar la'asar. Ranar da na fara ganinsa ke nan, kuma ya same ni ina tuhumar ɗansa da maguɗi. Na zube ina gaisuwa, bakina na harɗewa. Ya saurari bayanin Yaya Sani, sannan ya ce, "Ɗan matsa, Malam." Ya ɗaga ƙafar bencin da nake zaune a kai tun ɗazu, ya zaro wasu kati uku a ninke, sun yi dauɗa. Duk zuciya.

"Tun bara na sa su, bencin na rawa," in ji shi. "Kowa a nan ya san kartarsu arba'in da tara ce. Da ka tambaya ai da an faɗa maka." Ya mayar da su, ya gwada bencin, ya wuce.

Ji na yi kamar in faɗa kaskon. Bayan salla Yaya Sani ya ce a bar maganar wuta, ai baƙo ne ni. Na ce na riga na faɗa. Na durƙusa ina cusa tuƙa, hayaƙi na sa ni hawaye (ba duka na hayaƙi ba ne), har aka sauke kaskon dab da magariba. Shaddar kuwa ta aro ce, ba ta ƙara komawa fara ba. Na koma gida na tabbata na rasa Hadiza.

Bayan sati ta kira ni tana dariya. Ta ce Yaya Sani ya gaya wa Baba, "Lissafinsa dai sai a hankali, amma in ya yi alkawari yana cikawa."

Yanzu 'ya'yanmu huɗu. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, injin ma an sayar, amma a Dandamisa har yau Malam Hamsin da Biyu suke kirana, kuma ina amsawa. Kati ukun suna cikin akwatina, Yaya Sani ya ba ni su ranar ɗaurin aure. Duk shekara in zan koya wa ɗalibaina babin lissafin sa'a, sai in ce kafin su lissafa abin da ya rage, su fara ƙirga abin da ke akwai, su kuma leƙa ƙarƙashin inda suke zaune.